Sana'ar Kunne: Masu Ɗaukar Kiran Tsakar Dare

Kayan aikin duka ba su cika tebur ɗaya ba: kwamfuta, abin sauraro da ake maƙalawa a kunne, takarda da biro, sai kofin shayi da yakan huce ba a sha ba. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Amurka ba su da ma ofis, a kusurwar ɗakin kwanansu suke zama, su turo ƙofa don kada 'yan gida su ji. Waya ta yi ƙara, a ɗauka. Wani lokaci babu abin da za a ji sai numfashi, minti guda, minti biyu. Sabon shiga yakan ƙosa ya cike shirun da surutu. Wanda ya goge kuwa sai ya ce, "Ina nan, ban tafi ko'ina ba. In ka shirya ina jinka." Daga nan ya kame bakinsa.

Waɗannan su ne masu amsa layukan gaggawa na mutanen da rayuwa ta yi wa zafi, musamman masu sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa a matsayin namiji ko mace amma suke jin kansu a ɗaya jinsin. Bahaushe zai tuna da 'yan daudu, kodayake ba abu ɗaya ba ne, don da yawansu ba su taɓa cewa su mata ne ba. Kowa da abin da addininsa da tarbiyyarsa suka gaya masa a kan lamarin, kuma mai ɗaukar kira ba a ɗauke shi aiki don ya yanke wannan hukunci ba. Abin da ya kafa kasuwarsa lissafi ne mai ɗaci. A wani babban bincike da aka yi a Amurka a 2015, wanda ya tambayi masu sauya jinsi sama da 27,000, kashi 40 cikin ɗari sun ce sun taɓa yunƙurin kashe kansu. A tsakanin sauran jama'ar ƙasar abin bai kai kashi 5 ba.

Sana'ar ta girmi wannan bincike nesa ba kusa ba. Wani limamin coci ne a Landan, Chad Varah, ya fara ta a 1953, ya sa waya a cocinsa ya ce duk wanda ya ga mutuwa ta fi masa sauƙi ya kira. Abin da ya tunzura shi tsohon tabo ne: jana'izar farko da ya jagoranta yana matashi ta wata yarinya ce da ta kashe kanta don ta ga jinin al'ada, ta ɗauka mugun ciwo ne, ba ta da wanda za ta tambaya. Da mutane suka fara tururuwa, sai ya sa 'yan sa-kai su riƙa ba masu jira shayi suna ɗebe musu kewa. Can ya lura da yawa suna tashi su tafi gida ba su ma gan shi ba, hirar shayin ta wadatar da su. Daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali, har yau kuma ka'idarta ita ce a saurara, ba a ba da umarni.

A Amurka, Trevor Project ta buɗe layinta a 1998 don matasa. Trans Lifeline kuwa ta zo a 2014, da sharaɗin da babu irinsa: duk wanda zai ɗauki kira dole shi ma mai sauya jinsi ne. Dalilinsu shi ne mai kira ya gaji da yi wa likita da malami da ɗan sanda bayanin ko shi wane ne, bai kamata a daren da ya fi kowane muni a sake sa shi karantarwa ba.

Koyon aikin ya fi kama da sassaƙa, ragewa ake yi. A Trevor, ɗan sa-kai yakan yi horo na kimanin awa 40 kafin a bar shi da mutum na gaske, ya kuma yi alkawarin zaman awa uku duk mako har shekara. Tun 2021 suna gwada almajiransu da wata manhaja da ke kwaikwayon matashi mai suna Riley, don kuskuren farko ya faɗa kan na'ura. Abin da ake fara cire wa mai koyo shi ne nasiha. Mu da muka tashi da "yi haƙuri" da "wasu sun fi ka shiga uku" mun san daɗin faɗarsu, amma a kan wannan waya kalmomi ne masu rufe ƙofa. Na biyu, a cire masa tsoron tambaya. Ana koya masa ya faɗe ta ƙarara, ba kewaye-kewaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Masu bincike sun daɗe da nuna cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi, sau da yawa ma mai kiran ajiyar zuciya yake yi, don an kira abin da sunansa.

In amsar ta zama e, sai aikin ya koma na awo. Akwai shiri? Akwai abin da za a yi amfani da shi a kusa? Yau ne ko wata rana? Daga nan su biyun su zauna su tsara abin da ake kira tsarin kariya, wanda masana biyu, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka daidaita: alamun da mutum ke gani in duhun ya taso, abin da kan ɗauke masa hankali, mutum ɗaya ko biyu da zai iya bugawa waya, da yadda za a nisanta shi da ƙwayoyi ko bindiga. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan aikin a ƙasar da bindiga ke kwana a aljihun tebur. Mai ɗaukar kira yakan ce, "Za ka iya kai kwalbar maganin wajen maƙwabciyarka yanzu? Ina riƙe da layin har ka dawo."

Akwai kuma ɗan ƙaramin abu da ake yi tun a minti na farko: "Da wane suna kake so in kira ka?" Wani bincike na Stephen Russell na Jami'ar Texas a 2018 ya gano matasan da ake kira da sunan da suka zaɓa a gida da makaranta da cikin abokai sun fi ƙarancin baƙin ciki da tunanin kisan kai.

'Yan sana'ar suna da nasu saɓanin. Layin gwamnatin Amurka na 988, wanda aka buɗe a Yulin 2022, yana iya tura motar asibiti ko 'yan sanda in an ga rai na gab da salwanta, kodayake hukumar da ke kula da shi ta ce kiran da ke kaiwa ga haka bai kai biyu cikin ɗari ba. Trans Lifeline ta ƙi wannan: ba ta turo kowa sai da yardar mai kira, don ta ce tsoron 'yan sanda da tilasta kwanciya asibiti shi ke hana mutanenta buɗe baki. A ganina kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta tunkuɗuwa, kuma mai riƙe da wayar ne ke kwana da sakamakon.

Abokan ciniki na biyu su ne iyaye. Uwa takan bugo da rana tsaka daga cikin mota, inda ba mai jinta, ta ce ɗanta ya gaya mata magana jiya, ta rasa inda za ta sa kanta: me za ta ce wa uban, me za ta ce wa 'yan coci, shin ita ce ta yi sake? Gwani ba ya ce mata ta canja aƙida. Wannan dabara ta Caitlin Ryan ce ta Jami'ar Jihar San Faransisko, wadda ta shafe shekaru tana aiki da iyalai masu riƙo da addini: a bar muhawara, a nuna wa iyaye ayyukan da ke ƙara haɗari, kamar kora daga gida, duka, gori, da hana yaro zama cikin dangi, da waɗanda ke rage shi, kamar cin abinci tare da tsawata wa mai zaginsa. Daga baya a haɗa uwar da taron iyaye irin na PFLAG, ƙungiyar da wata malamar makaranta a New York, Jeanne Manford, ta assasa a 1973.

To ina ribar? Mai kira ba ya biyan ko sisi. Kuɗin horo, na'urori, masu sa ido da albashi daga gudummawa da baitulmali suke fitowa. Jihohi irin su Washington da Kalifoniya suna ɗora 'yan sulalla a kan kuɗin wayar kowa duk wata don 988. Da yawa daga masu amsawa kyauta suke yi. Masu albashin ma ba sa yin arziki, har ma'aikatan Trevor suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 2023. Trans Lifeline, wadda ta riƙa ba da ƙananan tallafi don gyara suna a katin shaida, ta taƙaita lokutan amsa kira saboda ƙarancin kuɗi.

Wahalar da ba a biya kuwa ita ce rashin sanin ƙarshen labari. Tela yakan ga rigarsa a jikin ango. Wannan kuwa sai ya yi awa guda da mutum, layin ya katse, shi ke nan. Ga masu bugowa don su yi zagi, ga masu batsa, ga wanda yake kira kullum da magana ɗaya. Shi ya sa bayan kira mai nauyi ake da al'adar zama da mai sa ido a sauke kayan kafin a ɗauki na gaba, kuma duk da haka mutane na gajiya su bar aikin.

A 2022 an ƙara wa 988 wani reshe: matashi ya danna 3 a haɗa shi da wanda aka horar musamman a kan irin damuwarsa. Reshen ya amsa kira da saƙonni fiye da miliyan ɗaya kafin gwamnatin Amurka ta rufe shi ranar 17 ga Yuli, 2025. Mai ɗan'uwa a can ya sani cewa 988 ɗin kansa yana nan yana amsawa dare da rana, haka layin Trevor. A Ingila kuwa lambar Samaritans ita ce 116 123, kuma kyauta ce.