Na'urar Rage Ƙiba da Ake Ɗaurawa a Ka

Yawancinmu mun ɗauka ciki ne ke jin yunwa. Ciki ɗan aike ne kawai. Hukuncin yana hannun wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira hayifotalamus. Idan tumbi ya zama wayam, sai ya aika masa sinadarin girelin; kitsen jiki kuma ya aika leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1994. Da zarar kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wa mutum yunwa, ta kuma rage ƙona abinci. Shi ya sa mai teɓa zai yi wata uku yana ƙaurace wa sakwara, ya rame, sannan jiki ya dawo. Ba duka laifin kwaɗayi ba ne.

Masu ƙira suka ce to a nufi ƙwaƙwalwar. A 2017 kamfanin Neurovalens na Belfast ya fito da Modius, na'urar da ake ɗaurawa a ka wajen awa guda a rana. Tana tura lantarki mara ƙarfi ta bayan kunnuwa zuwa jijiyar da ke hana mutum tangaɗi, da fatan saƙon ya isa hayifotalamus. Mai sanye da ita yakan ji kamar ana ɗan jijjiga shi. Akwai kuma dabarar tDCS, wadda ke tura lantarki ta goshi don ƙarfafa sashen da ke danne sha'awa. Wani gwajinta da aka wallafa a 2015 a Amurka ya nuna raguwar ci, amma mutum tara kacal aka gwada. Mutum tara ba sa zama hujja a likitanci.

A unguwar Maitumbi, inda doyar Gwada ke shigowa Minna, babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo, kuma tallan irin waɗannan na'urori yana iso mutum har cikin wayarsa. Ƙiba tana jawo hawan jini da ciwon suga, don haka damuwar ta gaskiya ce. Sai dai lantarki a ka ba abin wasa ba ne: mai farfaɗiya, da mai juna biyu, da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya, kada su kusanci irin waɗannan na'urori na ka.

Mai karatu, kafin ka zuba kuɗinka, ka je Babban Asibitin Minna a auna jininka da suga, ka nuna wa likita tallan, ka kuma nemi lambar rajistar na'urar ta hukumar NAFDAC.