Sauya wa Kifi Gida: Me Ya Sa Babban Tanki Ke Kashe Kifin da Ƙarami Ya Raya

A ƙasar Tasawa da Mayahi ruwa baƙo ne. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi kwari ne na goriba wanda ya fi yawan kwana a bushe, tabkuna kuma suna cika a watan Agusta su ja baya idan rani ya kama. Duk mai son kifi a irin wannan ƙasa dole ya iya ɗaukar kifi daga wani ruwa zuwa wani. Haka ake yi idan za a zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa a tabki bayan ya cika, haka kuma mai kiwo a gida yake yi idan kifinsa ya girma, ƙaramin tanki ya yi masa kaɗan, ya gina babba na siminti. A nan ne asara ta fi faruwa. Kifin da ya yi wata biyu lafiya a cunkushe, sai a ba shi fili da ruwa garai-garai, kafin mako ya zagayo a tarar da shi cikinsa a sama. Hujjar wannan rubutu ita ce, gidan kifi ya fi ruwan da ido ke gani, kuma wanda ya kwashe kifi ya bar sauran gidan a baya, rabin ƙaura ya yi.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne masu ajiye halittun teku a akwatin gilashi a Turai da Amurka da Japan. Suna kiwon murjani mai rai, dangin wanda ake yi wa mata tsakiya da shi. Murjani dabba ce, kuma irin da ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku yana ɗauke da wasu ƙananan tsirrai a jikinsa masu samar masa abinci daga haske. Ruwansa yana buƙatar gishiri kusan giram 35 a kowace lita da ɗumi wajen digiri 25, idan kuwa aka gusa da yawa sai ya kori tsirran nan, ya yi fari fat, ya mutu. Idan irin waɗannan mutane za su koma babban akwati, sukan haɗa sabon ruwan tun kafin ranar, su daidaita gishirinsa da ɗuminsa da na tsoho, su ɗauke duwatsun tsohon akwatin a jiƙe cikin bokiti ba tare da sun bari sun bushe ba, kifi kuwa shi ne na ƙarshe da zai shiga. Duwatsun nan suke lallaɓawa kamar ƙwai, domin a jikinsu ne ran akwatin yake.

Dalilin kuwa ɗaya ne a akwatin gilashi da tankin tsakar gida a Tasawa. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, yawanci ta jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnensa wanda yake numfashi da shi, ragowar abinci da kashi ma suna ruɓewa su ƙara. A tsohon ruwa akwai bakteriya masu cin wannan guba, waɗanda masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya gano aikinsu wajen 1890. Wani rukuni yana mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne da ke hana jini ɗaukar iska, wani rukunin kuma ya mayar da shi naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, takin shuka ne ma. Waɗannan halittu ba a cikin ruwan suka fi zama ba. Suna manne a bango da tsakuwa da soson matata, su ne wani ɓangare na santsin da hannu ke ji idan an shafa bangon tsohon tanki. Sabon tanki ba shi da su, kuma kafin su yaɗu su ishe shi akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. A tsakanin nan kifi yana iyo cikin gubar kansa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, wannan kuwa tsami ne da ba shi da launi.

Ƙasarmu tana ƙara wa matsalar nauyi ta hanya uku. Na farko siminti: sabon gini yana sakin wani abu mai kama da kanwa a cikin ruwa, ya ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. A digiri 30, idan pH yana 7, ɓangaren amoniya mai kisa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma idan ya hau 9 ya haura kashi 40. Shi ya sa ake cika sabon tanki a bar shi ya kwana biyu, a zubar, a sake cikawa, har sai ma'aunin ya sauka. Na biyu zafi: lita ɗaya ta ruwa tana riƙe iskar numfashi kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kusan 7.5 kawai a digiri 30, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan haura digiri 40 a inuwa, kifin da ya firgita kuma iska yake ci ninki. Na uku asalin ruwan: na rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, na famfo kuma an sa masa kulorin, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi ya kashe bakteriya masu amfani. Irin wannan ruwa yana son ya kwana a buɗe, ana motsa shi, kafin kifi ya shiga.

Daga nan tsarin ƙaurar yake fitowa da kansa. A hana kifi abinci yini guda kafin ranar, don kada ya ɓata ruwan tafiya. A yi aikin da sanyin asuba, a kama shi da koma mai laushi da jiƙaƙƙen hannu, domin yauƙin jikinsa shi ne rigarsa, busasshen hannu yana tuɓe ta ya bar ƙofa ga cuta. Gishirin girki kaɗan, wajen giram 3 a lita, yana rage masa wahalar hanya. Idan an iso kada a juye. A ɗora ledar ko robar da aka ɗauko kifin a ciki a kan sabon ruwa na minti 20 zuwa 30 har ɗuminsu ya zo ɗaya, a riƙa ɗibar sabon ruwan da moɗa ana ƙarawa, sannan a karkata bakin a bar kifin ya fita da kansa. A tafi da tsohuwar matata da tsakuwa a jiƙe, ba a wanke su da ruwan famfo ba, tare da wani kaso na tsohon ruwan da aka ɗiba daga sama-sama. Baƙar laka ta ƙasa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kam a bar ta, iskar da ke cikinta guba ce. Bayan haka a rage abinci na kwanaki, a sa ido da asuba: kifin da ya taru a sama yana haki yana faɗin abin da ke damunsa.

Wani zai ce tarwaɗa ba ta buƙatar wannan lele, ai ana ganinta a daro a kasuwa tana motsi yini guda. Gaskiya ne tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, kamar yadda gaiwa ke kwana cikin busasshiyar laka har damina ta dawo. Amma wannan baiwa maganin ƙarancin iska ce kawai, ba ta tsare ta daga amoniya ko canjin ɗumi na farat ɗaya, kuma ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa bai kai uwarsa juriya ba. Mai kiwo kuma girma yake nema. Kifin da ya sha wahala yakan ƙi cin abinci, jikinsa ya yi gyambo, manya su cinye raunana, asarar ta ɓuya har ranar awo. Karfasa kuwa ba ta da wannan gaɓa ko kaɗan.

Wani kuma zai ce yawan ruwa ai yana tsarma guba, to me zai sa babban tanki ya fi haɗari? Yana tsarmawa, amma jinkiri ne kawai yake sayowa, domin kullum ana zuba abinci, guba tana taruwa ba mai cinye ta. Sau da yawa ma ganin fili ne ke sa mai kiwo ya ƙara kifi ya ƙara abinci a mako guda. Mai cewa zai riƙa sauya ruwa kullum yana da hanya, sai dai a ƙasar da ake jan ruwa da guga daga rijiya mai zurfi ko a saye shi a jarka, wannan hanya ce mai tsada, kuma sauyi mai yawa a lokaci guda shi ma girgiza ne ga kifi. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa tsohon ruwa da tsohuwar matata suna iya ɗauko cuta. Wannan haka yake, amsarsa kuwa ita ce ba a yi wa kifi mara lafiya ƙaura sai ya warke, baƙon kifi kuma a keɓe shi mako biyu ko fiye kafin a haɗa shi da na gida.

Abin da wannan tsari ke ci duka bai wuce haƙuri ba: makonnin jiƙa siminti, yini ɗaya na yunwa, rabin awa a bakin ruwa da moɗa a hannu. A ƙasar da 'ya'yan kifi ke yin doguwar tafiya kafin su iso, kuma tabki ba ya cika sai sau ɗaya a shekara, wanda ya yi gaggawa ya rasa zubinsa sai ya jira wata damina. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a kiwon kifi ita ce ke kai mutum ranar kamu da taru cike.