Jinya da Mai Jinya: Kula da Tsofaffi a Gidan Bahaushe, Misali Daga Bugaje

1.0 Gabatarwa

A ƙauyen Hausa ba a san gidan ajiye tsofaffi ba. Inda mutum ya yi ƙuruciyarsa nan yake tsufa, kuma waɗanda ya haifa, ko ya riƙa, su ne suke ɗawainiya da shi har ranar da ta Allah ta kasance. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda harshe da al'ada suka tsara wannan ɗawainiya, da wanda suka ɗora wa nauyinta, da kuma halin da tsarin yake ciki a yau. An ɗauki misali daga Bugaje, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, domin ƙasa ce ta bakin iyaka, inda sauyin zamani ya fi saurin bayyana a cikin gida.

2.0 Kalmar Jinya

Kalmar jinya, wadda wasu kan ce jiyya, tana da fuska biyu. Idan aka ce "Malam yana jinya", ana nufin shi ne yake kwance. Idan kuwa aka ce "Ladi tana jinyar uwarta", ana nufin ita ce take tsaye a kan mara lafiya. Haka nan "mai jinya" yana iya zama wanda ciwo ya kama, yana kuma iya zama wanda yake kwana a gefensa. Watau dai harshen ya haɗa mutum biyu a cikin kalma guda, kamar yana nuna cewa ciwon tsoho ba ya tsayawa a jikin mutum ɗaya.

Gaisuwar dubiya ma ta san da haka. Mai zuwa dubiya yakan ce "Yaya mai jiki?", sa'an nan ya juya ga mai kula da shi ya ce "Sannu da jinya" ko "Sannu da ɗawainiya". Amsar da al'ada ta tanada ita ce "Da sauƙi", ko da kuwa ciwon ya yi tsanani, gama faɗin akasin haka yana kama da rashin godiya ga Allah. Wannan ladabi ne mai kyau, amma yana da illa guda: ma'aikacin lafiyar da ya tsaya a kan "da sauƙi" bai ji kome ba tukuna. Sai ya tambayi abin da tsohon ya ci, da yadda ya yi barci, da yadda yake fitsari, kafin gaskiyar al'amari ta fito.

3.0 Wanda Nauyi Yake Kansa

Tushen tsarin shi ne gandu. A littafinta Rural Hausa na 1972, wanda ta gina a kan binciken da ta yi a Ɓatagarawa kusa da Katsina, Polly Hill ta bayyana gandu a matsayin yarjejeniya tsakanin uba da 'ya'yansa maza masu aure: su yi masa noma, shi kuwa ya ɗauki wasu nauye-nauyensu. Idan ƙarfin uba ya ƙare, gandun nan ne yake ci da shi. Addini ya ƙarfafa wannan, domin ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun yi magana musamman a kan iyayen da tsufa ya riske su a hannun 'ya'yansu. Shi ya sa Bahaushe yake tsoron bakin uwa, yake kuma neman a sa masa albarka.

Amma ciyarwa dabam, jinya dabam. Namiji yakan kawo hatsi da kuɗin magani. Wanka, da wanki, da kwashe bayan gida, da dama kunu cikin dare, galibi aikin mata ne. A nan ne kunya take shigowa ta raba aikin. Ɗa namiji ba ya yi wa mahaifiyarsa wanka muddin akwai mace a gidan. Suruka tana iya dafa wa uban mijinta abinci, amma da wuya ta taɓa jikinsa, tun da ko sunansa ba ta faɗi. Ɗan fari ma akwai alkunya tsakaninsa da iyaye. Saboda haka tsohuwa takan fi samun mai kula da ita, ko ɗiyarta, ko ƙanwarta, ko wata bazawara ta dangi. Tsohon da matarsa ta riga shi rasuwa shi ne yake shiga tsaka mai wuya, shi ya sa 'ya'ya sukan nema masa wata dattijuwa ya aura.

Wanda kunya ba ta ɗaure ba shi ne jika. Wasan jika da kaka, inda yaro yake kiran kakarsa "matata", ita kuma ta kira shi "maigida", ya buɗe ƙofar da aka rufe wa iyayensa. Jika ne yake kwana a ɗakin kaka, ya miƙa mata buta, ya ja mata sanda, ya kuma gaya mata gaskiyar da 'ya'yanta ba za su iya furtawa ba, kamar cewa ba ta sha maganinta ba.

4.0 Ciwo da Sunansa

Yadda aka kira ciwo shi yake nuna inda za a kai shi. Sau da yawa akan ce "tsufa ne kawai", kuma da an faɗi haka an rufe maganar asibiti. Ga misalai uku.

Na farko, yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce babbar sanadin makanta, alhali aiki ɗan ƙanƙane a asibitin ido yana mayar da gani. Binciken ya kuma gano cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka tura ta cikin ido da tsinke, abin da sau da yawa yake ƙarasa ganin da ya rage.

Na biyu, shanyewar ɓarin jiki. Akan danganta ta da iska ko sammu, alhali mafi yawanta daga hawan jini take tasowa. Hawan jini kuwa ba ya warkewa a bar magani. Tsohon da ya daina sha domin ya ji sauƙi, ko domin kuɗi sun yanke, yana cikin haɗari. Wanda kuma ya riga ya kwanta, wajibi ne a riƙa juya shi kamar bayan kowace sa'a biyu, a tsane masa jiki, don kada bayansa da ƙugunsa su yi gyambo.

Na uku, gigin tsufa. Idan tsohuwa ta fara manta sunan 'ya'yanta, ko tana fita cikin dare, ko tana zargin an sace mata kaya, wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne. Rashin sanin haka yakan sa a yi mata faɗa, a kulle ta, wani lokaci ma a jefe ta da maita saboda surutan da take yi. Abin da take bukata shi ne fuskar da ta saba da ita, da ɗakin da ba a sauya masa tsari ba, da haƙuri.

Har ila yau akwai lura da yanayi. Tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, don haka a bazara sai an riƙa miƙa masa ruwa da fura ba tare da ya nema ba. Da hunturu kuwa, gaushi a rufaffen ɗaki yana iya kisa. Wanda azumi ya fi ƙarfinsa, shari'a ta ɗauke masa, sai a ciyar.

5.0 Iyaka da Zamani

Zumuncin ƙasar Jibiya ya girmi iyakar da take kai. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe sun koma arewa suka kafa Maraɗi, Turawan Ingila da Faransa kuwa ba su shata iyakar ba sai tsakanin 1906 da 1908. Don haka ba abin mamaki ba ne a sami tsohuwa a wannan ɓangare, ɗiyarta tana aure a wajen Ɗan Isa ko Madarumfa. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris na 2024. Kowace rufewa ta taɓa fatauci da dako da sufurin da matasa suke samun kuɗin magani da su, ta kuma sa zuwa jinya ya yi wuya.

Daɗin daɗawa, hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan sun tayar da ƙauyuka da dama a ƙasar Jibiya. A lokacin gudu, tsoho ne ba ya iya gudu, kuma wanda ya bar gonarsa ya bar gandun da yake ci da shi. Ga cin-rani ya kwashe maza, karatu ya ɗauke jikoki. Aikin da a da mutum biyar suke rabawa ya koma kan mace ɗaya, wadda take da goyo da girki da nata ciwon.

Ta fuskar hukuma, an buɗe cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012, an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Duk da haka, a ƙauye irin Bugaje, gida ne asibitin farko, kafin a kai ga Babban Asibitin Jibiya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

6.0 Kammalawa

An ga cewa al'ada ta raba jinya bisa jinsi da kunya da wasa, kuma rabon ya dogara ne ga cikakken gida. Yanzu da gidan ya ragu, abin da ya kamata shi ne a koma ga abin da kalmar jinya ta riga ta nuna, watau masu jinya biyu ne. Dangi su yi karɓa-karɓa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai su bayyana cewa lalura tana sassauta kunya, har ɗa ya iya yi wa mahaifinsa wanka. Ma'aikatan lafiya kuwa, idan sun auna jinin tsoho, su auna na wadda ta kawo shi. Ga masu nazari, akwai aikin tattara sunayen cututtukan tsufa a karin harshen Katsina da Maraɗi, tun masu saninsu suna raye.