Hutu a jirgin ruwa da yaro mai lalurar galhanga: Abin da ya kamata iyaye su sani

Idan a gidanku akwai yaro mai lalurar galhanga, wadda likitoci ke kira otizim, kun san tambayar da ke tasowa duk lokacin da aka fara maganar tafiya: a tafi da shi ne, ko a bar shi wurin kaka? Sau da yawa barin sa ake yi, saboda tsoron kada ya birkice a bainar jama'a, a yi ta kallo ana cewa ba shi da tarbiyya ko aljanu ne suka taɓa shi. Sai dai yaron da kullum ake bari a gida ba ya samun damar koyon zama cikin mutane, 'yan'uwansa kuma su tashi suna ganin kamar shi ba ɗan gida ba ne.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura. Ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, shi ya sa za ku ga wani ba ya magana, wani ba ya haɗa ido, wani ƙara kaɗan ko haske mai yawa yana gigita shi. Da yawansu ba sa son a sauya musu tsarin da suka saba da shi, kuma tafiya duk sauyi ce.

Jirgin ruwan shaƙatawa tamkar otal ne a kan teku, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da na ninkaya da na wasan yara. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Irin waɗannan jirage suna tashi ne daga birane kamar Miami a Amurka, Basalona a Sifaniya, Dubai, da Durban a Afirka ta Kudu. Tun Disamban 2024 kuma akwai jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda, wanda abincinsa halal ne kuma ba a sayar da giya a cikinsa. Ke nan duk wanda zai tashi daga Najeriya sai ya fara hawa jirgin sama, ya kuma nemi bizar ƙasashen da za a yada zango.

Alfanun irin wannan tafiya ga yaro mai galhanga shi ne, garuruwa suna sauyawa amma ɗakinsa da gadonsa suna nan yadda suke, kuma idan ya gaji cikin 'yan mintuna kun koma ɗaki. Illarta kuwa cunkoso, hayaniya, da ruwa ta kowane ɓangare.

Kafin ku biya kuɗi

Kamfanonin ba ɗaya suke ba. A 2014 ƙungiyar Autism on the Seas ta Amurka ta ba Royal Caribbean shaidar cewa jiragensa sun dace da masu wannan lalura. Kamfanin yana ba irin waɗannan iyalai damar shiga da fita ba tare da dogon layi ba, yana nuna fina-finai da sauti ƙasa-ƙasa ba a kashe fitilu ba, yana kuma sa yaro a rukunin wasa gwargwadon iyawarsa ko da shekarunsa sun wuce na rukunin. Carnival kuma ya haɗa gwiwa da ƙungiyar KultureCity a 2019, yana ba da aron jaka mai ɗauke da abin toshe kunne da ƙananan kayan wasan da ke kwantar da hankali.

Duk kamfanin da kuka zaɓa, ku rubuta wa sashensa na masu buƙata ta musamman makonni kafin tafiya, ku bayyana halin ɗanku dalla-dalla: yana magana ko ba ya yi, yana gudu, yana sa famfas, me yake ci. Ɓoye lalurar saboda kunya cutar kai ne, domin ma'aikaci ba zai taimaka a kan abin da bai sani ba. Ku kuma sani ma'aikatan ɗakin wasan yara ba sa ware mutum ɗaya ya tsare yaro ɗaya.

A karon farko ku zaɓi gajeriyar tafiya ta kwana 3 ko 4, a lokacin da ba na hutun makaranta ba. Ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa-ƙasa, domin nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Ku duba taswirar jirgin, kada ɗakin ya kasance ƙarƙashin wurin ninkaya ko kusa da ɗakin kiɗa ko lifta. Idan ɗanku mai hawa kan abubuwa ne, ku haƙura da ɗaki mai baranda, ku ɗauki mai tagar da ba a buɗewa.

Shiri tun daga gida

Abin da ya zo wa yaron ba zato shi ya fi tayar masa da hankali. Ku riƙa nuna masa hotuna da bidiyon ainihin jirgin da za ku hau, bi da bi: filin jirgin sama, tashar ruwa, wurin bincike, ɗaki, wurin cin abinci. Ku yi masa jadawali mai hotuna da za a riƙa soke rana ɗaya kowace safiya. Idan kuna Legas, ku gwada shi a jirgin fito na Ikorodu zuwa cikin gari, idan Abuja kuke ku kai shi tafkin Jabi, ku ga yadda zai karɓi rigar ceto da motsin ruwa. Abin toshe kunnen ma ya fara sabawa da shi tun a gida.

Ranar shiga jirgi

Wannan rana ta fi kowace wuya. Dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta wa fasinjoji atisayen ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, kuma an tsaurara ta bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Jiniyar gaggawa gajerun busa 7 ce da doguwa 1, kuma tana da ƙara sosai. Yanzu kamfanoni da yawa suna barin mutum ya kalli bayanin a waya, sannan ya je ya nuna kansa a wurin taruwa. Ku tambayi lokacin da za a busa jiniyar, ku sa wa yaron abin toshe kunne kafin nan. Masan jirgi ma iska ke zuƙe shi da ƙara mai firgitarwa, don haka ku bari ya fita daga banɗaki kafin ku danna.

Ruwa da ɓacewa

Nan ne rai yake. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya gano cewa kusan rabin yara masu galhanga sun taɓa yunƙurin sulalewa daga hannun masu kula da su, kuma da yawansu ruwa yana jan hankalinsu. Dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen gefen jiragen da ke amfani da tashoshinta kada ya gaza inci 42, wato sama da mita 1 kaɗan. Wannan yana hana faɗuwa bisa kuskure, amma ba ya hana yaron da ya jawo kujera ya taka.

Ƙofar ɗakin jirgi tana buɗewa daga ciki da zarar an murɗa mariƙinta. Ku tafi da ƙaramar ƙararrawar ƙofa mai batir, babba ɗaya kuma ya kwana tsakanin yaron da ƙofa. Ku ɗaura masa abin hannu mai sunansa da bayanin lalurarsa, ku ɗauki hotonsa kowace safiya da kayan da ya sa. Maigida da uwargida ku raba aikin tsaro a fili, ana miƙawa da baki: "yanzu yana hannunka." Yara sun fi ɓacewa a lokacin da kowa ke zaton ɗayan ne ke kallo. Kada a ɗora wa yayansa ɗan shekara 10 wannan nauyi. A wurin ninkaya, ko da akwai mai ceto, kada ku yi nisan da hannunku ba zai kai gare shi ba. Idan kuka neme shi kuka rasa, ku gaya wa ma'aikacin da ya fi kusa nan take, kafin ku fara zagaye.

Abinci da magani

Yaron da nau'i uku ko huɗu kawai yake ci ba zai sauya don an hau teku ba. Ku tafi da busassun abubuwan da ya saba da su a cikin ledarsu ta kanti, ku tambayi kicin tun da wuri ko za a riƙa dafa masa farar shinkafa ko taliya zalla. Ku ci abinci kafin jama'a su cika, ko a kawo muku ɗaki.

Magungunansa, musamman idan yana da farfaɗiya, su kasance a jakar hannu, domin manyan akwatuna sukan ɗauki sa'o'i kafin a kawo su ɗaki. Ku ƙara na 'yan kwanaki a kai, ku riƙe takardar likita, saboda ƙasashe irin su Daular Larabawa suna da tsauri kan wasu magunguna. Kada ku ba shi maganin jiri ko na barci sai da shawarar likitansa, domin wasu yaran maimakon su kwanta sai su ƙara birkicewa. Asibitin jirgi biya ake yi, don haka ku yi inshorar tafiya da ta san da lalurar. Kada ku manta katin riga-kafin shawara.

Idan ya birkice

Idan ya toshe kunne, ya faɗi ƙasa yana ihu, abin ne ya fi ƙarfinsa. Duka da tsawa ƙara wutar suke yi. Ku janye shi zuwa wuri mai shiru, ku rage magana, ku ba shi abin da ya saba riƙewa. Masu kallo kuwa, kalma ɗaya ta ishe su, ba ku da bashin bayani a kan kowa. A rana ku tsara abu ɗaya ko biyu kawai. Ranar da aka tsaya a tasha kowa ya fita yawo, jirgin yakan yi shiru, kuma wannan ce ranar da ɗanku zai fi jin daɗinsa.

Idan ɗanku yana yawan gudu da hawa kan abubuwa, ko farfaɗiyarsa ba ta daidaita ba, ku jinkirta, ku fara da kwana ɗaya a otal ko gidan dangi har ya saba. Ku zauna da likitansa ku auna. Idan an ga zai iya, ku tafi da shi, ɗan gida ne kamar kowa. Allah Ya raya mana su, Ya ba iyaye juriya.