Ranar da Aka Rufe Bakin Masana a Mosko

 Yau za mu leƙa tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mu ji labarin wata gardama a kan irin shuka wadda ta ci rayukan masana, ta kuma bar wa duniya tambayar da har yanzu ake tattaunawa a kanta: wane ne ke da ikon yanke hukunci a kan abin da yake gaskiya a fagen kimiyya?

A ranar 7 ga Agusta, 1948, masana harkar noma sun cika wani babban zaure a birnin Mosko. Mako guda ke nan suna taro, kuma wasu ƙalilan daga cikinsu sun yi ƙarfin halin tashi su kare ilimin gadon halitta, wato ilimin da ke bayyana yadda 'ya'ya ke ɗauko siffofin iyayensu, a tsirrai da dabbobi da mutane. Sai shugaban majalisar masana noma ta ƙasa, Trofim Lysenko, ya miƙe domin jawabin rufewa. Ya ce an miƙo masa takarda ana tambayar matsayin shugabannin jam'iyyar Kwaminis game da rahotonsa. Amsar da ya bayar gajera ce: kwamitin ƙoli na jam'iyya ya duba rahoton, ya kuma amince da shi. Zaure ya ɗauki tafi, kowa ya miƙe tsaye. Kafin a watse, wasu daga cikin waɗanda suka yi masa gardama sun fito gaban jama'a sun janye maganarsu. Daga baya masu binciken tarihi suka gano cewa shugaban Sobiyet, Stalin, da kansa ya bi rahoton da alƙalami, ya yi masa gyare-gyare. Bayan wannan taro an kori masana ilimin halittu kusan 3,000 daga aiki, an sauya littattafan makarantu, aka haramta koyar da ilimin gado a ƙasar da ta fi kowace ƙasa faɗi a duniya.

To, wane ne Lysenko? Ɗan manoma ne daga Yukren, an haife shi a 1898. Sunansa ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1920 saboda wata dabara ta jiƙa irin alkama a sanyaya shi kafin shuka. A ƙasashen sanyi akwai alkamar da ake shukawa kafin hunturu, wadda ba ta fitar da kai sai sanyi ya ratsa ta. Idan aka jiƙa irinta aka ajiye cikin sanyi na wasu makonni, ana iya shuka ta bayan hunturu ta yi 'ya'ya. Wannan gaskiya ne, kuma wasu sun san da shi tun kafin Lysenko. Inda ya kauce hanya shi ne da ya ce alkamar da aka yi wa wannan horo za ta gadar wa 'ya'yanta sabon halin, ta yadda cikin shekara biyu ko uku za a iya sauya kowace shuka yadda ake so. Ya yi watsi da binciken Gregor Mendel, limamin kiristan nan da ya shafe shekaru yana auratar da furannin wake yana ƙirga sakamako har ya wallafa ƙa'idojin gado a 1866. Lysenko ya ce duk wannan ilimin 'yan jari-hujja ne, kuma lissafi ba shi da gurbi a nazarin halittu.

Maganarsa ta zo wa mahukunta a kan gaɓa. Gwamnati ta ƙwace gonakin manoma ta haɗe su a gandayen haɗaka da ƙarfin tsiya, noma ya durƙushe, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan da wasu sassan Rasha. Masana na gaske suna cewa samar da ingantaccen iri aiki ne na shekara goma ko fiye. Ga kuma wani ɗan talakawa yana alkawarin yi cikin shekara biyu, ba tare da kashe kuɗi ba. A wani taron manoma a 1935, Stalin ya katse jawabin Lysenko ya yi masa jinjina a bainar jama'a. Daga ranar, duk wanda ya ja da shi ya san da wa yake ja.

Yanzu ku lura da yadda ake auna nasarar dabarar tasa, domin nan ne zuciyar labarin. Duk manomin da ya san aikinsa, idan aka kawo masa sabon iri, yakan ware kunya kaɗan ya shuka shi kusa da wanda ya saba, ya jira kaka ya gwada damman da kowanne ya bayar. Lysenko bai damu da irin wannan gwaji ba. Takardun tambaya ake aika wa shugabannin gandaye, su rubuto ko amfanin gona ya ƙaru. Ku sa kanku a matsayin shugaban gandu a wancan zamani, wanda ya san cewa idan ya rubuta an yi asara za a iya kiransa mai zagon ƙasa, a kwashe shi zuwa sansanin gwale-gwale. Me zai rubuta? Haka rahotannin nasara suka riƙa tuɗaɗowa Mosko alhali rumbuna ba su cika ba. Wani masanin noma mai suna Konstantinov ya shafe shekaru yana gwada dabarar a tashoshin bincike da dama, ya samu bambancin bai taka kara ya karya ba. Ba a saurare shi ba.

Babban wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren shi ne Nikolai Vavilov, haifaffen Mosko a 1887. Mutum ne da ya sadaukar da rayuwarsa ga yaƙi da yunwa. Ya zagaya nahiyoyi biyar yana tattara irin shuka, ya ratsa duwatsun Afganistan a 1924, ya bi ƙasar Habasha da ayarin alfadarai a 1927 yana karɓar irin alkama da sha'ir daga hannun ƙananan manoma. Cibiyarsa da ke Leningirad ta tara samfurin iri sama da 200,000, taskar da babu kamarta a duniyar lokacin. Abin tausayi, Vavilov na cikin waɗanda suka fara ɗaga Lysenko, domin yana ganin duk wata sabuwar dabara ta cancanci a gwada ta. Da ya ga gwaji bai gaskata ta ba, sai ya faɗi haka a fili, ya kuma ƙi janyewa. An kama shi a watan Agusta na 1940 yana tsakiyar tattara tsirrai a yammacin Yukren. An yanke masa hukuncin kisa a 1941, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Ya rasu a kurkukun Saratof a watan Janairun 1943, kuma yunwa ce ta kashe shi.

Masu sauraro, a daidai waɗannan shekaru akwai wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, Karl Popper, da ke tunani a kan abin da ya bambanta kimiyya da sauran iƙirari. Abin da ya fara jan hankalinsa ya faru ne ba nesa da mu ba. A ranar 29 ga Mayu, 1919, an yi husufin rana, kuma wani masanin taurari ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya kafa na'urorinsa a tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya. Ya je ne don gwada ka'idar masanin kimiyya Einstein, wanda ya ce nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurarin da ya gifta kusa da ita, har ya faɗi iyakar lanƙwasar. Da hotunan sun nuna babu komai, da ka'idar tasa ta rushe a ranar. Popper ya ga cewa darajar ka'idar tana cikin wannan kasada da ta ɗauka: ta faɗi abin da idan aka gani, to ta faɗi ƙasa. A littafinsa na 1934 ya kafa hujja cewa gwaji dubu ba ya tabbatar da ka'ida har abada, amma gwaji ɗaya ingantacce yana iya nuna kuskurenta. Saboda haka duk abin da kimiyya ta sani a yau, sani ne da ke jiran gyara.

Ku auna Lysenko da wannan ma'auni. Idan gona ta yi kyau, dabararsa ce. Idan ta lalace, manoma ne suka yi sakaci ko maƙiya suka yi zagon ƙasa. Babu wani sakamako da zai iya fitowa daga ƙasa ya ce masa ka yi kuskure.

Gaskiya ne wasu masana falsafa sun yi wa Popper gyara. Thomas Kuhn, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa masana ba sa jefar da ka'ida don gwaji ɗaya ya saɓa mata. Sukan fara zargin na'ura ko lissafi, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Masana ma mutane ne, suna da son zuciya da taurin kai da biyayya ga malamansu. A ganina wannan gyara ƙara wa batun ƙarfi ya yi. Tun da ba za a dogara ga masani ɗaya ya gano kuskuren kansa ba, dole a sami wasu a gefe da ke da damar sake gwajin, su wallafa abin da suka samu, su kwana a gidajensu lafiya. Abin da aka rusa ke nan a zauren Mosko.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga tunanin cewa sani yana da iyaka. Malamanmu kan rufe fatawa da cewa Allah ne mafi sani, kuma an ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mafi yawanmu ke bin mazhabarsa, yakan amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba, ba tare da jin nauyi ba. Abin da Popper ya ƙara shi ne kai wannan ladabi fadar masu mulki. Ya bar Biyana a 1937, gab da 'yan Nazi su mamaye Ostiriya, ya zauna a Niyu Zilan, inda ya rubuta littafinsa a kan buɗaɗɗiyar al'umma da maƙiyanta wanda ya fito a 1945. Hujjarsa ita ce kowace manufar gwamnati gwaji ce, kuma tana iya haifar da abin da ba a zata ba, domin babu shugaba ko kwamiti da ya san duk abin da ke faruwa a ƙauyuka dubu. Don haka ya ce tambayar wa ya fi cancanta ya yi mulki ba ta kai muhimmancin wata ba: ta yaya za a tsara ƙasa yadda za a iya sauke mugun shugaba ba tare da zubar da jini ba? 'Yancin magana da na jarida da na zaɓe, a wannan fahimta, su ne hanyar da labarin kuskure ke bi ya isa kunnen wanda ya yi shi tun kafin ɓarna ta yi yawa.

Inda aka toshe hanyar, ga abin da ya biyo baya. A 1948 gwamnatin Sobiyet ta ƙaddamar da gagarumin shirin dasa itatuwa don kare gonaki daga busasshiyar iska. Lysenko ya ce tsirrai 'yan jinsi ɗaya ba sa gasa da juna, don haka a zuba iri da yawa a rami ɗaya. Aka bi umarni, kuma kaso mai yawa na itatuwan suka mutu cikin 'yan shekaru. Tunanin ya tsallaka ƙasar Sin, inda a shirin shugabanta Mao na 1958 aka tilasta wa manoma cunkusa shuka da yin huɗa mai zurfin gaske. Jami'ai suka riƙa aika alkaluman girbi na ƙarya don tsoro, gwamnati ta kwashi hatsi bisa waɗannan alkaluma, yunwar da ta biyo baya ta hallaka mutane miliyoyi gommai. Ba Lysenko kaɗai ya jawo wannan ba, amma cutar iri ɗaya ce. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya ga yunwar Bengal ta 1943 yana yaro, ya yi nazarin irin waɗannan masifu ya kuma lura cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da jarida mai 'yanci.

Kada mu bar Leningirad ba mu faɗi abin da ma'aikatan Vavilov suka yi ba. Sojojin Jamus sun yi wa birnin ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, mutane ɗaruruwan dubbai suka mutu da yunwa. A cikin cibiyar akwai shinkafa da alkama da gyaɗa da dankali, ma'aikatan kuma suna gadinsu dare da rana daga ɓeraye da sanyi da ɓarayi. Da dama daga cikinsu sun mutu ba su taɓa ko ƙwaya ba. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, ya mutu kewaye da ƙunshin irin shinkafa. Alexander Shchukin, masanin gyaɗa, an same shi a mace a kan teburin aikinsa. Sun yi haka ne domin sun yarda cewa wata rana za a buƙaci wani iri daga cikin waɗannan don wata cuta ko fari da ba wanda ya san zuwansa. Taskar tana nan har yau a birnin, wanda yanzu ake kira San Fitasbag, kuma cibiyar na ɗauke da sunan Vavilov.

Shi kuwa Lysenko, bayan mutuwar Stalin a 1953 ya sami gindin zama wajen magajinsa Khrushchev. A 1964 masanin kimiyyar nukiliya Andrei Sakharov ya miƙe a taron majalisar masana ta ƙasa ya yi tir da ɓarnar da aka yi wa ilimin halittu, majalisar kuma ta ƙi zaɓen wani na hannun daman Lysenko. A watan Oktoban shekarar aka tuɓe Khrushchev. A 1965 aka sauke Lysenko daga shugabancin cibiyar nazarin gado, aka tura kwamitin ƙwararru gonar gwajinsa da ke kusa da Mosko. Suka buɗe littattafan ajiyar bayanai, suka duba shanun da ya ce ya inganta nononsu, suka samu alkaluman da ya daɗe yana bayarwa ba su da tushe. Ba a gurfanar da shi gaban kotu ba. Ya ci gaba da zama ɗan majalisar masana har ya mutu a 1976.