Tafiyar Malam Abubakar Imam Zuwa Tsibirin Birtaniya

Duk wanda ya tashi a Gombe, inda babban ruwan da ido ya saba gani bai wuce kogin Gongola da madatsar Dadin Kowa ba, da wuya ya iya sawwala ƙasar da teku ya kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa, har ya zamana ba a shiga cikinta sai a jirgi. Irin wannan tsibiri Malam Abubakar Imam ya nufa a shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila, shi kuwa a lokacin yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Da Allah ya komo da shi gida lafiya, sai ya zuba labarin cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944.

Malamanmu ba baƙin rihla, wato rubuta labarin tafiya, ba ne, domin sun san ta tun daga Ibn Battuta. Amma a ƙarnin da ya gabaci na Imam, Turawa irin su Clapperton da Barth su ne suka ratsa Kano da Sakkwato, suka siffanta kasuwanninmu da fadojinmu ga mutanensu, da harshensu, bisa ma'auninsu. Darajar wannan littafi, a ganina, ita ce alƙalamin da ya ƙago Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda ya daɗe yana yawo da masu karatu cikin ƙasashen hikaya, shi ne ya juya ya siffanta ƙasar masu mulki da Hausa, domin malamin makaranta da ɗan kasuwa su ji haƙiƙaninta daga bakin nasu.

Kuma ba kallo kaɗai ya kai Imam Ingila ba. Yayin da abokin tafiyarsa Nnamdi Azikiwe ya tsara takardar neman mulkin kai, Imam bai sa hannu ba. Amma ya gana da Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi shekara 40 kafin nan, ya bayyana masa koke-koken ƙasar, suka kuma ci gaba da musayar wasiƙu bayan ya dawo Zariya.