Me Kyanwa Da Karen Gidanka Suke Ci?

Da wuya ka shiga gida uku a Nyohini ba ka tarar da kyanwa mai gadin buhun masara ko kare mai gadin garken tumaki ba. Suna yi mana aiki dare da rana, amma ladansu bai wuce ƙanzo da ragowar miya ba. Wannan ne ya sa na karanta jagorar da ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, wato WSAVA, ta fitar a 2011 a kan ciyar da karnuka da kyanwoyi, don in auna ta da halin da muke ciki.

Babban abin da jagorar ta koyar shi ne a san ƙiba ko ramar dabba da hannu, ba da ido kawai ba. Ta ba da ma'auni daga 1 zuwa 9. Kare mai lafiya yana kan 4 ko 5, kyanwa kuwa wajen 5. Ka shafa haƙarƙarinta: idan ƙasusuwan sun fito fili, yunwa ce ko ciwo, idan sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji su, kitse ya yi yawa. Wannan gwaji ba ya cin ko sidi ɗaya, ɗan firamare ma zai iya.

To amma jagorar tana da giɓi a wurinmu. Don likitoci aka rubuta ta, da Turanci mai nauyi, kuma hankalinta ya fi karkata ga abincin gwangwani da na leda mai rubutu a jiki. Har ma ta sa abincin da aka haɗa a gida, da ragowar abincin mutane idan ta wuce kashi 10 cikin 100, cikin abubuwan da ke bukatar ƙarin bincike. Mu kuwa a zango ragowar ita ce abincin gaba ɗaya. Saboda haka dole mu ƙara da abin da likitocin dabbobi suka tabbatar game da tukunyarmu.

Na farko, kyanwa maciyar nama ce, tuwon zafi ba ya riƙe ta. A 1987 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka sun gano cewa rashin wani sinadari da ke cikin nama da kifi, mai suna torin, yana lalata zuciyar kyanwa. Yana kuma makantar da ita. Ɗan busasshen kifi daga kasuwar Aboabo, ko kayan cikin kaza da zabo da aka dafa, sun fi mata kwano guda na tuwo. Madara kuwa takan sa manyan kyanwoyi zawo. Kare ya fi jure hatsi, amma shi ma yana son nama ko ƙwai a kai.

Na biyu, miyarmu ba tasu ba ce. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa ƙwayoyin jininsu. Goro da cakulan suna birkita bugun zuciyar kare. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Masara ko gyaɗa da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar afulatoksin mai cin hanta. A 2005 karnuka da dama sun mutu a Amurka saboda irin wannan masara da ta shiga abincin kamfani. Hatsin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka zuba wa dabba. Kada kuma a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Na uku, kare mai yunwa shi ne mai yawon bola, can yake haɗuwa da mahaukacin kare ya kawo cutar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, da yawansu yara. A ciyar da shi, a ajiye masa ruwa mai tsabta, musamman a zafin Maris da Afrilu, a kuma kai shi ofishin likitocin dabbobi a yi masa allura.

A ganina jagorar ta cancanci karatu, sai dai tana bukatar mai fassara. Ina kira ga 'ya'yanmu da suka yi karatun dabbobi a Pong-Tamale su rubuta mana irinta da Hausa da Dagbanci, bisa abin da ke kasuwanninmu. Allah ya sa mu dace.